Amsar Tambaya: Mudun da Ya Ƙi Tsayawa

Malam, ni ɗalibi ne a Jami'ar Bayero, mazaunin Yakasai. Ina kula da wata manhaja mai auna saurin manhajoji, amma gwajin da na ɗora wa GitHub Actions yau ya ci, gobe ya faɗi, alhali ban taɓa komai ba. Ina mafita?

Ɗana, Allah ya yi maka albarka, kada ka yi saurin zargin aikinka, domin injunan da GitHub ke bayarwa na tarayya ne, kuma wanda ya auna lokaci a kansu tamkar mai awon gero ne a kasuwar Kurmi da mudun aro, wanda kullum girmansa ke sauyawa.

Sai ka raba mas'alar biyu. Gwajin sahihanci, wato ko manhajar ta ginu ta kuma ba da amsa daidai, a yi shi a kowane gyara, da GCC da Clang duka. Amma awon sauri ka mayar da shi kan inji guda naka, mai tsayayyiyar wuta, wanda zafin Afrilu bai galabaitar ba, ka maimaita awon sau goma ka ɗauki na tsakiya, kamar yadda Google Benchmark ke ba da dama.

Haka kuma ka ƙayyade sigar kowane abu, ka rubuta ubuntu-24.04 maimakon ubuntu-latest, wanda ake sauya masa ma'ana ba da shawararka ba.

Abin da na hore ka da gujewa shi ne maimaita gwaji har ya ci bisa dace, ko share shi don ya dame ka. Karanta bayanin faɗuwar tukuna, ka rubuta illar da ka gano domin wanda zai gaje ka.