Me Ya Sa Kifin Tafki Yake Ƙanƙancewa?

Ƙorafin masunta da dillalan banda ɗaya ne: kifi na nan, amma manya sun yi wuya. Akan ɗora laifin a kan raga. Tana da nata kason, sai dai zafi da janyewar ruwa ma suna da hannu dumu-dumu.

Da iskar oksijin da ke narke cikin ruwa kifi yake numfashi, kuma ruwa in ya ɗumama ba ya riƙe ta sosai. Lita ɗaya a zafin digiri 20 takan riƙe kimanin miligiram 9. In zafin ya kai 30, sai ta dawo 7 da rabi. Ga shi zafin na ƙara wa kifin buƙatar iskar. Babba ne ke fara galabaita. Ƙananan karfasa kuwa sai su balaga da wuri, su soma ƙwai tun ba su cika tafin hannu ba, girma ya tsaya.

Tafkin Chadi shaida ne. A 1963 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000; farin shekarun 1970 da 1980 ya mayar da shi ƙasa da 2,000. Buɗaɗɗen ruwa ya koma fadama, ciyayi na ruɓewa suna cinye iskar. Giwan ruwa da tsage suka ja baya, tarwaɗa da gaiwa, masu leƙowa sama su shaƙi iska, suka samu fili. Kuma duk tafkin da ya rasa manyan masu farauta, ƙanana kan yi cinkoso, su cinye ƙwayoyin halittun da ke rage gansakuka, ruwa ya yi kore, su kansu su tsumbure don yunwa.

Zafin rana ya fi ƙarfin masunci, amma raga tana hannunsa. Kada idonta ya gaza inci 3. Gidan sauro na kwana ne, ba na su ba. Guba kuwa a daina ta kwata-kwata. Babbar mace mai ƙwai a mayar da ita ruwa, don ƙwanta ya fi na ƙanana yawa nesa ba kusa ba.

Abin da na fi nanatawa shi ne gurbi mai zurfi. Nan manya ke fakewa a bazara. Sarakunan ruwa, ku hana su a irin waɗannan wurare daga Maris har ruwa ya dawo, kuma dokar ta hau kan kowa.