Jinya Ma Cikin Tseren Take

Karatu: 1 Sarakuna 19:1-8; Ibraniyawa 12:12-13

Matasan ikilisiyarmu sun shirya gudun taimako na kilomita 10 a nan Zuru, domin tara abinci da kuɗin makaranta ga gwauraye da marayun da rashin tsaro ya raba da ƙauyukansu. Na rubuta sunana da murna. Ban yi mako biyu da fara atisaye ba, babur ya kayar da ni a hanyar dawowa daga wa'azi, na samu targaɗe mai tsanani a idon sawu. Likita ya ce in huta. Ni kuwa da kumburi ya ɗan sauka, sai na ce bangaskiyata ta isa, na fita gudu da asuba. Ƙafar ta kumbura fiye da dā, jinyar makonni ta koma ta watanni. A kwance Ubangiji ya koya mini darasin nan.

1. Hutu ba ja da baya ba ne

Annabi Iliya gwanin gudu ne. Da ikon Ubangiji ya tsere wa karusar Ahab daga Dutsen Karmel har Yezreyel. Amma da Yezebel ta yi masa barazana, ya gudu jeji, ƙarfinsa ya ƙare, har ya roƙi mutuwa. Mene ne Allah ya yi? Bai tsawata masa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika da abinci da ruwa har sau biyu. Bayan haka ne ya yi tafiyar kwana arba'in zuwa Horeb. Barcin nan da abincin nan suna cikin tafiyar, domin ba don su ba, da bai kai ba.

Haka Allah ya halicci jiki. Ƙaramin targaɗe yakan warke cikin mako ɗaya zuwa uku, babba yakan ci watanni, karayar ƙashi kuma takan nemi mako shida zuwa takwas ko fiye. Daina jin zafi ba shi ne warkewa ba. Jijiya tana iya yin shiru alhali ba ta gama haɗuwa ba.

2. Bin shawarar likita ba rashin bangaskiya ba ne

Mun gaskata Yesu yana warkarwa har yau, muna kuma ɗora wa marasa lafiya hannu. Amma ku tuna, bayan Allah ya yi wa Sarki Hezekiya alkawarin ƙarin shekara 15, Ishaya ya sa aka manna masa curin ɓaure a kan marurun. Luka, abokin tafiyar Manzo Bulus, likita ne. Da Shaiɗan ya ce wa Ubangijinmu ya diro daga ƙololuwar Haikali, ya ƙi, domin gwada Allah daban, dogara gare shi daban. Abin da na kira bangaskiya a asubar nan, girman kai ne. Ba na so a ce mai bishara yana ɗingishi.

3. A koma da sannu

Cikakken gudun fanfalaki kilomita 42 ne da mita 195, irin wanda ake yi a Legas tun 2016. Masu shiga sukan yi wata huɗu zuwa biyar suna shiri. Wanda ya tashi daga jinya da tafiya yake farawa, sa'an nan ya gauraya tafiya da sassarfa, yana ƙara nisa kaɗan kaɗan kowane mako. In zafi ya dawo, ya dakata. Wasiƙar Ibraniyawa ma ta gargaɗe mu mu miƙe hanyar da muke takawa domin ƙafa mai rauni ta warke, kada ta gurɗe. Mu mutanen ƙasar Zuru mun san golmo: saurayi yakan yi shekaru yana noma a gonar surukai kafin a ba shi mata. Sannu ba ta hana zuwa.

4. Tseren ba don sunanka ba ne

Terry Fox matashi ne ɗan Kanada da aka yanke wa ƙafa a 1977 saboda ciwon daji. Ya yi fiye da shekara yana atisaye da ƙafar roba, sa'an nan a 1980 ya fara gudu domin tara kuɗin binciken maganin cutar. Ya yi kwana 143 a hanya, ya ci kilomita 5,373, sai cutar ta kama huhunsa, dole ya tsaya. Ya rasu a 1981 bai kai ƙarshe ba. Duk da haka, har yau ana yin gudu da sunansa kowace shekara, ana tara taimako.

Marayunmu ba gudu na suke bukata ba, hatsi da kuɗin makaranta suke jira. In likita ya yarda, zan taka abin da ƙafata ta iya. In bai yarda ba, zan tsaya a bakin hanya ina miƙa wa masu gudu ruwa, baikona kuma zai shiga asusu.

Wataƙila raunin naka ba a ƙafa yake ba. Mai yiwuwa rashin da ka yi ne, ko faɗuwa cikin zunubi, ko gajiya a hidima. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, kada kunya ta tashe ka kafin lokaci.

Tambayoyin tattaunawa

1. Wane rauni kake ɓoyewa don gudun maganar mutane?
2. Ta yaya za mu bambance bangaskiya da gwada Allah?
3. Wa ka sani yana jinya da za ka ziyarta a makon nan?

Addu'a

Ya Uba, ka warkar da raunukanmu, ka ba mu haƙurin jiran lokacinka. Ka raba mu da neman yabon mutane, ka tuna da gwauraye da marayun ƙasarmu. Cikin sunan Yesu, amin.