Ofisoshin Haɗaka: Amfaninsu da Haɗarinsu ga Ƙaramin Ɗan Kasuwa

Duk wanda ya taɓa neman ofis a Legas ko Abuja ya san cewa kuɗin haya somin taɓi ne kawai. Mai gida zai buƙaci kuɗin shekara guda a dunƙule, wani lokaci ma biyu, ga la'adar dillali da ladan lauya. Daga nan sai sayen tebura da kujeru da janareta, da kuma man da zai riƙa sha, wanda farashinsa ya yi tashin gwauron zabi tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023. Wannan ɗawainiya ce ta sa ƙananan 'yan kasuwa da ƙwararru da dama suka karkata ga ofisoshin haɗaka.

Ofishin haɗaka wuri ne da kamfani ɗaya zai kama haya, ya ƙawata shi, ya tanadi wutar lantarki da intanet da ɗakin taro da mai karɓar baƙi, sannan ya riƙa bayar da hayar tebur ko ƙaramin ɗaki na yini, ko mako, ko wata. Wani Baturen Ingila mai suna Mark Dixon ne ya kafa kamfanin Regus a birnin Brussels na ƙasar Beljiyam a 1989 bisa wannan tsari. A 2005 kuma Brad Neuberg ya buɗe wani wuri a San Francisco ta Amurka, inda masu zaman kansu ke aiki kafaɗa da kafaɗa.

A ilmin tattalin arziki, kuɗin da ɗan kasuwa ke kashewa iri biyu ne. Akwai tsayayye, wanda dole a biya ko an yi ciniki ko ba a yi ba, kamar haya. Akwai kuma mai hawa da sauka gwargwadon aiki. Babban amfanin ofishin haɗaka shi ne mayar da na farko ya koma na biyu. Akanta ko mai zanen gine-gine zai biya kuɗin tebur ɗaya a watan da kasuwa ta ja baya, ya ƙara biyu idan ta buɗe. Jarin da zai kwanta a hannun mai gida sai ya ci gaba da juyawa. Bugu da ƙari, kuɗin man janareta ɗaya ya rabu tsakanin mutane da yawa.

Amfani na biyu shi ne jama'ar da ke wurin. Lauya kan sami aiki daga mai haɗa manhajar kwamfuta da ke teburin kusa, shi kuma ya haɗa shi da mai son zuba jari. Cibiyar Co-Creation Hub da ta buɗe a unguwar Yaba ta Legas a 2011 misali ce. A can ƙungiyar BudgIT, mai sauƙaƙa wa jama'a bayanan kasafin kuɗi, ta fara. Mai kamfanin Facebook, Mark Zuckerberg, ya ziyarci cibiyar a 2016, kuma a 2019 ta sayi takwararta iHub ta birnin Nairobi. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, Bosun Tijani, ya zama ministan sadarwa a 2023.

Sai dai haɗarin da mai hayar tebur ya sauke bai ɓace ba, ya koma kan mai tafiyar da ofishin ne. Shi ya ɗaure kansa da yarjejeniyar shekaru, alhali abokan hulɗarsa na iya tashi a ƙarshen kowane wata. Wannan giɓi yana cikin abubuwan da suka durƙusar da kamfanin WeWork, wanda aka kafa a New York a 2010. A farkon 2019 an ƙiyasta darajarsa a kan dalar Amurka miliyan dubu 47. A cikin shekarar yunƙurinsa na sayar da hannun jari ya ci tura, annobar korona ta 2020 ta kwashe masu haya, kuma a watan Nuwamban 2023 ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi. Ya fito daga wannan hali a 2024 bayan an yi wa basussukansa garambawul.

Saboda haka wajibi ne ɗan kasuwa ya yi bincike kafin ya sa hannu. Ya tambaya ko ginin mallakar mai ofishin ne ko haya ce, da kuma shekarun da suka rage. Ya guji biyan kuɗin watanni masu yawa gaba ɗaya, domin hakan ya rusa ainihin fa'idar tsarin. Ya ziyarci wurin a lokacin da babu wutar gwamnati don ganin ƙarfin janareta da intanet. Ya tabbatar akwai inda zai kulle takardun abokan cinikinsa, da ɗakin da zai gana da su cikin sirri. Har ila yau, ya duba sana'o'in waɗanda ke zaune a wurin, domin su ne rabin abin da yake biya. Idan ma'aikatansa suka yi yawa har kuɗin teburansu ya zarce hayar ofis da ɗawainiyarsa, to lokaci ya yi da zai kama nasa.