Alherinka Yakan Riga Ka Isa

Karatu: Rut 2:1-16
Ayar haddacewa: Littafin Firistoci 19:32

Ranar da Rut ta shiga gonar Bo'aza kalar sha'ir, ba ta da wanda zai tsaya mata. Baƙuwa ce daga Mowab, gwauruwa, ga talauci. Duk da haka Bo'aza ya ce ta sha ruwa daga tulunan ma'aikatansa, ya kira ta cin abinci, ya kuma umarci masu girbi su riƙa zare zangarniya daga dami suna bar mata.

Da Rut ta tambayi dalilin wannan tagomashi, sai ya ce an ba shi labarin dukan abin da ta yi wa surukarta Na'omi tun rasuwar mijinta (aya 11). Na'omi tsohuwa ce da ta rasa miji da 'ya'ya maza biyu, ba ta da abin sāka wa kowa. Rut ta bar ƙasarta ta biyo ta Baitalami, tana fita neman abin da za su ci. Ashe mutanen gari suna kallo, labarin kuwa ya riga ta isa gonar. Daga baya Bo'aza ya aure ta, ta haifi Obida, kakan sarki Dawuda, har sunanta ya shiga asalin Yesu (Matiyu 1:5).

Ka lura, Rut ba ciniki ta yi da alheri ba. Ta yi ne don ƙauna, Allah kuma ya taɓa zukatan mutane dominta. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

A ikilisiyarku akwai Baba ko Mama da suka daina zuwa sujada saboda ciwon gwiwa. Ka san inda suke zaune? Kana ta addu'ar buɗi, amma yaushe rabonka da ka gaishe su?

Aikin yau: Zaɓi dattijo ɗaya. Ka ɗebo masa ruwa, ka raka shi asibiti, ko ka zauna ka saurare shi. Kada ka jira godiya.

Addu'a: Ya Uba, ka gafarta mini inda na yi watsi da tsofaffi. Ka ba ni zuciya irin ta Rut, ka sa in sami tagomashi a gabanka da gaban mutane, cikin sunan Yesu. Amin.