Gogayya, zaizayewa da mai: darasi daga Nansha zuwa aljihunka

Tambayar da kuka fi yi min bayan bidiyon wayoyi masu naɗewa ita ce: mahaɗin nan zai jure ƙurar hunturu kuwa? Amsar tana cikin wani fannin ilimi da ake kira tiraiboloji, wato nazarin gogayya da zaizayewa da man da ake sawa tsakanin abubuwa biyu masu motsi.

Mu fara da Nansha

Duk wanda ke da ɗan uwa mai saro kaya a Gwanzu ya san birnin. Nansha gunduma ce a kudancinsa, a bakin kogin Pearl, kuma nan babbar tashar kwantenonin birnin take, a tsibirin Longxue. A Yulin 2022 aka buɗe sashe na huɗu na tashar, inda motoci marasa direba ke jigilar kwantena da taimakon 5G da taurarin BeiDou. A Nansha ɗin kamfanin GAC Toyota ke haɗa motoci, kuma a nan aka ƙaddamar da jirgin haƙa Meng Xiang a Nuwamban 2024, wanda aka ƙera don ya iya haƙa har zurfin mita 11,000 daga saman teku.

Mu masu son fasaha manhajar muke yabawa. Amma ko manhaja ta kai ina, idan boris ɗaya ya ci a injin ɗaga kwantena, aiki ya tsaya. Ga iskar teku mai gishiri tana kawo tsatsa, tsatsa kuma tana ƙara saurin cin ƙarfe.

Me ke faruwa tsakanin ƙarfe biyu?

Ƙarfen da ka gani sumul, a madubin ƙara girma duk tudu ne da kwari. Idan biyu suka haɗu, kawunan tuddan ne kaɗai ke taɓa juna, su kama, su kakkarye. Kamawar ita ce gogayya, kakkaryewar ita ce zaizayewa. Aikin mai shi ne ya shiga tsakani. Idan inji na gudu, man yana zama siririn labule da ke raba ƙarafan gaba ɗaya. A lokacin tayar da inji kuwa man ya gangara ƙasa, labulen bai samu ba tukuna. Shi ya sa bai dace ka tayar da janareto ka ɗora masa lodi nan take ba.

Ba ƙaramar asara ba ce. Rahoton Peter Jost na 1966 a Birtaniya, wanda ya raɗa wa fannin suna, ya ƙiyasta cewa ƙasar za ta iya tsimin fam miliyan 515 a shekara idan ta kula da wannan. A 2017 Holmberg da Erdemir sun lissafa cewa kusan kashi 23 cikin 100 na makamashin duniya yana tafiya ne a gogayya da gyaran abin da ya zaizaye.

Mutumin da ya mayar da mai sana'a

Liu Weimin, haifaffen 1962 a lardin Shandong, ya yi digirin digirgir a 1990 a Cibiyar Nazarin Kimiyyar Sinadarai ta Lanzhou, kuma a can ya gina aikinsa. Matsalar da ya fi shahara a kanta ita ce: da wane mai za a shafa wa na'ura a sararin samaniya? Babu iska a can, man da muka sani yana ƙafewa, sanyi da zafi kuma sun wuce misali. Mafita ɗaya ita ce busasshen mai, kamar sinadarin MoS2, wanda ƙwayoyinsa ke jere falle-falle suna zamewa a kan juna kamar katin wasa.

A 2001 shi da abokan aikinsa suka wallafa binciken da ya nuna cewa wani nau'in gishiri da ke zama ruwa a zafin ɗaki yana iya aikin man shafawa, kuma ba ya saurin ƙafewa. A Satumban 2008, lokacin da Zhai Zhigang ya fita daga kumbon Shenzhou 7, abin da ya ɗauko daga jikin kumbon samfuran busasshen mai ne na cibiyar Lanzhou. A 2013 aka zaɓi Liu cikin Majalisar Masana Kimiyya ta ƙasar Sin.

To, wayarka fa?

A Afrilun 2019 Samsung ya ɗage fitar da Galaxy Fold na farko, ɗaya daga cikin dalilan shi ne tarkace na shiga ta mahaɗin. Daga baya suka sa 'yan ƙananan gashin buroshi a ciki don share ƙura. Idan ka ji an ce waya tana jure naɗi 200,000, ka tuna na'ura ce ta yi gwajin a ɗakin gwaji, ba a titin Kano cikin Janairu ba. Ƙurarmu tana ɗauke da ƙwayoyin yashi masu taurin 7 a ma'aunin Mohs, sun fi gilashin waya tauri. Don haka:

Kar ka goge gilashi da riga alhali akwai ƙura, fara hure ta.
Kar ka ɗiga mai a mahaɗin waya, ƙura zai tara ya zama kamar sanfefa.
A janareto da Keke Napep, matatar iska tana da muhimmanci kamar baƙin mai, don ƙurar da ta wuce ta ita ke cin ringi.

Ga ɗalibai kuma, ƙofar fannin ita ce kimiyyar sinadarai, fiziks ko injiniyan kanikanci. Jami'ar HKUST reshen Gwanzu, wadda aka buɗe a Nansha a Satumban 2022, tana da sashen nazarin sababbin kayan ƙira, kuma da Turanci ake karatun gaba da digiri a can. Matsalar ƙura da zafi tamu ce, ya kamata a samu namu masu nazarinta.

Sai mun haɗu a darasi na gaba.