Darasi na 14: Ƙahon da Ke Sassaƙa Dutse

Kafin zuwan ashana, da ƙyastu Bahaushe yake kunna wuta. Yakan ƙyasta ɗan ƙarfe a jikin wani dutse mai tauri, sai tartsatsi ya faɗa kan auduga, wuta ta kama. Sunan wannan dutse ƙanƙara. Ku lura, da wannan suna kuma ake kiran daskararren ruwan da kuke sanyawa a abin sha. Don kada ku ruɗe, duk inda muke nufin dutsen a darasin nan za mu ce dutsen ƙanƙara.

Tun kafin ɗan Adam ya san ƙarfe, da wannan dutse mutanen ƙasashe da yawa suke yin wuƙa da gatari da kan kibiya. Dalili kuwa shi ne yadda yake fashewa. Ba ya rugurgujewa kamar hoge. Yakan ɓantare ne sala-sala kamar gindin kwalba, kuma bakin kowace sala kaifi gare shi kamar reza. Da wani dutsen ake fara fasa shi. Amma idan aka zo wajen rage masa kauri da daidaita bakinsa, sai gwanayen wannan sana'a a Turai da Asiya da Amurka su ajiye dutse, su ɗauki ƙaho.

Ba ƙahon sa ko na rago ake nufi ba. Ƙahon dabbobinmu kube ne da ya rufe ƙashi, kuma asalinsa ɗaya da farce da kofato. Wanda muke magana a kansa na wata dabba ce mai kama da barewa, wadda babu ita a dazuzzukanmu. A duk Afirka, sai a yankin tsaunukan Atlas na arewa ake samun irinta. Za mu kira ta barewar Turai, ko da yake danginsu ba ɗaya ba ne da tamu barewar. Ƙahonta ƙashi ne zalla, yana da rassa kamar itace. Galibi namiji ne ke da shi, kuma kowace shekara yakan faɗi da kansa, wani sabo ya tsiro. Saboda haka ba dole sai an yi farauta ba. Mai sana'a yakan shiga daji ya tsinta.

To, me ya sa za a doki abu mai tauri da abin da bai kai shi tauri ba? A nan hikimar take. Idan dutse ya haɗu da dutse, ƙarfin dukan yakan taru a wuri ɗaya, sai ya ciro gajeriyar sala mai kauri, ko ma ya farfasa bakin da ake son gyarawa. Ƙaho kuwa yakan ɗan lotsa. Bakin dutsen ya ɗan nutse a cikinsa, ƙahon ya kama shi, ya fizge sala mai faɗi, doguwa, marar kauri. Da irin wannan sala ake rage wa gatari nauyi ba tare da an rage masa faɗi sosai ba. Ga shi kuma ƙaho ba ya saurin karyewa, domin ya fi sauran ƙasusuwa jure duka. Ai don karo aka halicce shi.

Sai dai ƙaho ba ya aiki yadda aka tsinto shi. Sai an gyara. Mai gyara yakan fara da duban sassansa uku: gindi, da jiki, da rassa. Bayan ƙahon tauri gare shi, amma cikinsa ramuka ne ƙanana kamar soso. A gindi ne, wato inda ya rabu da kan dabbar, ya fi nauyi da cika. Don haka daga gindin ake fitar da guduma.

Yankan shi ne babban aiki, domin mutanen da ba su da zarto. Sukan jiƙa ƙahon a ruwa kwana da kwanaki har ya yi ɗan taushi. Daga nan a sa kaifin dutse a yi ta gurza layi ɗaya, ana zagaya ƙahon, har a ratsa ɓangaren mai tauri a tarar da mai kama da soso. Da an kai nan ba sauran wahala: a ɗora shi a kan dutse, a karya. Wanda ya yi gajen haƙuri ya karya tun layin bai yi zurfi ba, ƙahon zai tsage ta inda bai so ba, ya yi asarar abin da sai baɗi zai sake samu. Haka ake cire reshen da ke kusa da gindi, a bar jikin ya zama mariƙi.

Saura kan gudumar. Gindin ƙaho yana da wani zobe mai ƙurzunu-ƙurzunu a kewaye da shi. Wannan zobe yakan sa duka ya kauce, don haka ake gurje shi a kan dutse mai kaushi har kan ya mulmule kamar ƙwai. Sannan a bar shi ya bushe, taurinsa ya dawo. Gyaran kuma ba ya ƙarewa. Duk lokacin da kan ya yi ramuka saboda duka, sai a koma ga dutsen a sake goge shi.

Rassan da aka cire ba a zubar da su. Da reshe ake yin wani abin aiki da za mu kira madanni, domin ba a duka da shi, dannawa ake yi. Mai aiki yakan shimfiɗa fata a tafin hannunsa, ya ɗora kan kibiyar da yake gyarawa, ya kafa tsinin madannin a bakinsa, ya danna da ƙarfi. Sai 'yar ƙaramar sala ta ɓalle ta ƙasa. Haka zai bi bakin, sala bayan sala, har kaifi ya fito. A ganina, gyaran wannan tsini shi ne ma'aunin gwaninta. In ya cika tsini, zai murƙushe tun a dannawar farko. In ya cika dakushewa, zai zame, kuma hannu ne zai sha kaifin. (Wannan ya isa ya hana ku gwada abin da fasasshiyar kwalba a bayan aji. Masu koyon sana'ar a yau ba sa farawa sai da tabarau da safar hannu.)

Ta yaya aka san duk wannan, alhali mutanen ba su bar rubutu ba? Sun bar kayan aikinsu. A wani wuri da ake kira Boxgrove, a kudancin Ingila, masu binciken kayan tarihi sun tono gudumomin ƙaho da na ƙashi waɗanda suka kai kimanin shekara 500,000. A kan wasunsu har yanzu akwai ɓarɓashin dutsen ƙanƙara da ya maƙale tun ranar da aka yi aiki da su.

Shaidar da ta fi ban sha'awa ta fito ne a shekarar 1991. Wasu Jamusawa biyu masu hawan dutse suka ga gawar wani mutum a cikin ƙanƙara, a tsaunukan Alps, kan iyakar Italiya da Ostiriya. Bincike ya nuna ya rasu kimanin shekara 5,300 da suka wuce. Aka sa masa suna Otzi. A cikin kayansa akwai wani ɗan ice mai tsawon santimita 12 ko kusa da haka, wanda aka cusa wa siririn ƙaho a tsakiya, tsinin ya ɗan leƙo. Madanni ne, kuma siffarsa sak ta fensir. Idan tsinin ya cinye, sai a feƙe icen, sabon tsini ya fito.

Ku dubi halin da mutumin nan yake ciki. Yana kan tsauni, nesa da inda ake haƙo dutsen ƙanƙara. Kwarinsa na ɗauke da kibau 14, amma biyu kaɗai aka gama haɗawa. Wuƙarsa da sauran kayan yankansa duk sun ƙanƙance saboda yawan washi. Da wannan ɗan ice mai tsinin ƙaho yake tsawaita kwanan ɗan dutsen da ya rage masa. Shi da kayansa suna ajiye yanzu a gidan tarihi na birnin Bolzano, a Italiya.

Nahawu

Ku sake duban kalmar madanni. Daga aikatau danna ta fito: an sa ma- a farko, an sa -i a ƙarshe. Haka Hausa ke gina sunayen kayan aiki da yawa: buɗe, mabuɗi, goge, magogi, tsefe, matsefi. Amma a rubuce wannan siffa ɗaya ce da ta sunan mai yin aiki, kamar maƙeri da manomi. Jam'i ne zai raba muku gardama. Na kayan aiki yana ƙarewa da -ai: mabuɗai, magogai. Na mutane yana ƙarewa da -a: maƙera, manoma.

Tambayoyi

1. Ku kawo bambanci biyu tsakanin ƙahon sa da ƙahon barewar Turai.
2. Me ya sa ake fitar da guduma daga gindin ƙaho, ba daga reshe ba?
3. Ku bayyana yadda ake yanka ƙaho ba tare da zarto ba, cikin jimla huɗu. Ku yi amfani da jiƙa, gurza, zagaya da karya.
4. An yi amfani da kalmar ƙanƙara da ma'ana biyu a labarin Otzi. Ku nemo su.
5. Ku ba da jam'in waɗannan, sannan ku faɗi wanne ne mutum, wanne ne kayan aiki: mahauci, murfi, masaƙi, makulli, madubi.