Darasi: Yadda Za A Mai Da Tsohon Ɗaki Sito, A Kuma Kafa Rumfar Kafinta

'Yan'uwa manoma, kowa ya san abin da yake faruwa da kaka. Hatsi yana araha, manomi ya sayar domin ba shi da wurin ajiya mai kyau. Da damina ta yi tsaka sai ya koma kasuwa ya sayi irin hatsin nan da tsada. Wanda ya ajiye kuwa, sau da yawa ɓera da ƙwari da laima su ne suke raba amfanin da shi. Gina sabon sito yana cin kuɗi, amma a ƙauyuka da yawa akwai ɗakin da ba a amfani da shi: tsohon shago, ko zaure, ko ɗakin da aka bar wa awaki. A darasin nan za mu ga yadda ƙungiya za ta gyara irin wannan ɗaki, ta kuma kafa ƙaramar rumfar kafinta wadda za ta riƙa yi wa siton aiki.

1. A duba ɗakin tukuna

Kada a sayi ko buhun siminti ɗaya sai an duba ɗakin sosai. A shiga ciki da tsakar rana, a rufe ƙofa da taga. Duk inda haske ya shigo ta rufi, ruwa zai shigo. Duk inda ya shigo ta bango ko ƙarƙashin ƙofa, ɓera zai shigo. A sa wa kowane wuri alama da gawayi.

A duba gindin bango daga waje. In ruwa yana kwanciya a wurin da damina, sai a cika shi da ƙasa, a yi magudana. A ƙwanƙwasa azara da katakon rufi. Wanda ya yi ƙara kamar ganga, gara ta cinye cikinsa, sai a canja shi.

Ɗakin da ya haɗa bango da ɗakin kwana bai dace ba. Ƙwayar nan ta turara hatsi, wadda ake kira Phostoxin, iskarta guba ce, tana bi ta tsaga ta kashe mutum yana barci. Ɗakin da aka taɓa ajiye maganin feshi ko man fetur a ciki, shi ma a bar shi.

2. Gyaran ɗakin

Rufi: A canja kwanon da ya huje, a ƙara ƙusa inda ya saki. In soro ne, a sake yaɓe, a gyara indararo ya zubar da ruwa nesa da bango.

Ƙasa: A kwashe tsohon daɓe da kashin dabbobi. In akwai hali, a shimfiɗa leda mai kauri, a zuba kankare mai kaurin inci 3 a kanta: kwano 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. A riƙa yayyafa masa ruwa har kwana 7. In babu kuɗin siminti, daɓe mai kyau da aka sha da makuba zai yi. Ko wanne aka yi, ƙasan ɗakin ta fi ta waje tudu.

Bango: A toshe ramuka da fasassun kwalabe da siminti, a yaɓe ciki sumul, gama ƙwari a tsaga suke ɓuya su jira sabon hatsi. A shafa farar ƙasa domin a riƙa ganinsu in sun fito.

Ƙofa da taga: Ƙaramin ɓera yana shiga ramin da fensir zai shiga. Saboda haka ƙyaure ya zauna daidai a kan dokin ƙofa, a kuma buga masa fallen kwano daga ƙasa zuwa ƙafa 1 don kada a gaigaye shi. A sa wa tagogi ragar waya mai ƙananan idanu. A share ciyawa da tarkace kewaye da ginin, a datse rassan da suka taɓa rufi.

3. Gadon buhuna

Ba a ɗora buhu a ƙasa ko da kankare ce, ba a kuma jingina shi da bango. Ana jera buhuna bisa gadon katako, a bar hanya ta ƙafa 2 ta kowane gefe, domin iska ta ratsa, mutum kuma ya iya zagayawa ya duba.

Ga misali. Ɗaki mai tsawon ƙafa 14 da faɗin ƙafa 12, in an cire hanya, saura ƙafa 10 da ƙafa 8. Gadaje 4 za su cika wurin, kowanne ƙafa 5 da ƙafa 4. Wurin zai ɗauki kimanin buhu 10 na kilo 100 a jeri ɗaya. Jeri 6 ya zama buhu 60, wato tan 6. Wannan nauyi ba na wasa ba ne. Kowane gado yana bukatar katako 4 masu inci 2 da 4, waɗanda kafintoci suke kira tubaifo, a tsai da su a kan gefe, a gitta filankai bisansu da 'yar tazara, a buga da ƙusa mai inci 3. Kada a shafa wa gadon baƙin mai, gama zai ɓata hatsi.

4. Abin da zai shiga sito

Ɗaki mai kyau ba ya gyara ɗanyen hatsi. Masara da dawa su bushe har ruwan jikinsu ya sauka zuwa kashi 13 cikin 100 ko ƙasa da haka. Ga yadda za a gwada: a zuba hatsi cikin busasshiyar kwalba, a ƙara busasshen gishiri cokali 2, a rufe, a girgiza, a bar ta 'yan mintoci. In gishiri ya manne a jikin kwalbar, a mai da hatsin rana. Masara da gyaɗa da aka ajiye da danshi suna yin funfuna mai guba wadda take lalata hanta, dafuwa kuma ba ta kashe gubar.

Ga wake, akwai buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007. Ledoji biyu na ciki suna hana iska shiga, ƙwari su mutu ba tare da magani ba. Amma ɓera yana iya huda shi, don haka shi ma sai a bisa gado.

A yi littafi: sunan mai buhu, ranar shiga, ranar fita. Buhun da ya fara shiga shi zai fara fita. A sa kwaɗo biyu, mabuɗan kuma a hannun mutum biyu.

5. Rumfar kafinta

Gadaje, ƙyaure, taga da kanta duk aikin katako ne, kowace shekara kuma akwai abin gyara. In ƙungiya tana da rumfarta, kuɗin aikin zai zauna a gida, samari su sami sana'ar rani, a kuma riƙa gyara amalanke da benci da akwatin zuma.

Amma kada a yi aikin kafinta cikin sito, kada kuma a ajiye katako a ciki. Garin katako da ɓawonsa makamashi ne, maɓoyar ɓera ne kuma. Akwai wani dalili kuma. Wani ƙwaro mai huda masara da busasshen rogo, wanda asalinsa daga Amurka ta Tsakiya ne, ya bayyana a Tanzaniya a ƙarshen shekarun 1970, aka same shi a Togo a 1984, daga nan ya bazu zuwa Benin da Gana da Nijeriya. Yana huda itace ya zauna ciki. Katakon da aka ciro daga tsohon rumbu yana iya kawo shi. Saboda haka rumfa ta yi nesa da sito kamar taki 10 ko fiye.

Katakon kasuwa yawancinsa ƙafa 12 ne, don haka rumfar ta kai ƙafa 16 a tsawo, 12 a faɗi, a buɗe gefe biyu saboda haske da iska. A rufe gefen gabas, inda ruwa da iska suka fi bugowa. Ginshiƙai su zama na kirya ko azarar giginya, gama gara ba ta cinsu da sauƙi.

Abu na fari da za a ƙera shi ne teburin aiki: tsawo ƙafa 6, faɗi ƙafa 2, tsayinsa ya kai wuyan hannun mai aiki in ya tsaya ya saki hannu, wato wajen inci 34. Ya yi nauyi, kada ya girgiza. Kayan aiki na farko ba su da yawa: zarto, guduma, gizago, kurfi biyu, abin goge katako, tef na awo, sukwaya, awartaki, magagari da dutsen wasa ƙarfe. Gara a sayi kaɗan masu kyau da a tara masu araha. A yi musu akwati mai kwaɗo, a zana siffar kowanne a inda ake rataye shi, domin a gane wanda ya ɓace tun kafin a tashi aiki.

Ɗanyen katako yana lanƙwashewa, ya tsage. A jera shi a inuwa, sama da ƙasa, a sa ƙananan sanduna tsakanin jeri da jeri, a bar shi watanni kafin a yi ƙyaure da shi. A share rumfa kowace yamma, a ajiye bokitin yashi kusa, a hana shan taba a wurin. Kowace bishiya da aka sara, a dasa melina ko dogon yaro a madadinta.

Aikin yaɓe da rufi na rani ne. In an fara bayan girbin bana, siton zai bushe ya shirya tun kafin kaka mai zuwa.

Tambayoyi domin taron ƙungiya

1. Wane ɗaki ne a ƙauyenmu za a iya gyarawa? Wa yake da shi, da wane sharaɗi kuma zai ba mu?
2. Buhu nawa muka sayar da kaka wanda da mun ajiye? Nawa ne bambancin farashinsa da damina?
3. Me ya sa ba a ajiye katako cikin sito?
4. Wa zai riƙe littafi, su wa za su riƙe mabuɗai?
5. Wane kafinta ne a kusa zai yarda ya koya wa samarinmu biyu?

Aikin mako: Mutum uku su auna ɗakin, su ƙirga wuraren yoyo da ramuka, su kawo lissafin kwano da siminti da katako a taro mai zuwa.